Ƙyauren Ɗanlarai A Hannun Mansir

In ka ji Mansir yana ba da labarin kansa, sai ka rantse itatuwan dajin Bauchi rige-rige suke yi su faɗo hannunsa. Shagonsa na kafinta yana Fadaman Mada, ya rubuta a saman ƙofa da jan fenti wai "Sarkin Sassaƙa". Ni da na taɓa sayen benci a wurinsa na san irin sarautar. Har yau sai na tokare ƙafa ɗaya da fasasshen bulo kafin in ce wa baƙo bismilla.

Shagon ɗinkina yana Wunti, yana kallon zauren gidan su Mansir, wanda ake kira Gidan Ɗanlarai. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a kan idona aka yi.

Ɗanlarai kakansu ne, masassaƙi na gaske, ya rasu tun ba a haifi Mansir ba. Ya bar zaure na ƙasa mai rufin azara, da wani ƙyaure na itacen ƙirya da ya sassaƙa da hannunsa. Manyan alluna ya jera, ya haɗa su da ƙusoshin itace, ya zana musu ado a fuskar da ke kallon titi. Ƙafar ƙyauren tana juyawa a cikin ramin dutse, kansa ya shige cikin azara, a bayansa kuma akwai doguwar sakata ta itace. Duk jaririn da aka haifa a gidan, a wannan zaure ake raɗa masa suna.

Rigimar ta taso ne da matar Bashir ta haihu. Bashir shi ne babban jika, ɗan kasuwa, ya daɗe yana kallon zauren yana hango shagunan haya. Mai hana shi kuwa Goggo Fatu ce, autar Ɗanlarai, ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yansa. A ƙofar shagona suka yi ta.

Bashir ya ce, "Goggo, ki dubi Allah ki dubi zauren nan. Ƙyaure ya saki, gara ta fara lasa, in za a rufe shi sai an taru kamar za a tura mota. Wunti ce fa nan, kowa ya fasa gaban gidansa ya yi shago."

"Shagon me? Na sayar da cajar waya? A nan aka raɗa wa ubanka suna, a nan aka raɗa maka, kana ta tsala ihu kamar an taka maka wutsiya."

"To na ji, a yi sunan a nan. Amma wallahi in ranar ta zo ƙyauren nan bai gyaru ba, washegari katafila za ta karya kumallo da shi."

Goggo ta juya ta ƙura wa zauren ido. Tsohuwar nan har ta ba ni tausayi. Ana cikin haka sai ga Mansir a kan babur, gizago rataye a kafaɗa. Wa ya kai masa labari, oho.

Ya kashe babur ya ce, "Yaya, ka gama? Ana maganar ƙyaure ina raye a garin nan? Jinin Ɗanlarai ne fa a hannun nan. Ni itace in na kalle shi kawai, shi yake gaya min abin da ke damunsa."

Goggo ta ce, "Ba kai ne ka gyara min kujera na zauna ta kai ni ƙasa ba?"

"Goggo, tsakar gidan ce ba ta daidaita ba."

Bashir ya yi murmushi ya ce shi kam ya amince da Mansir ɗari bisa ɗari. Wannan murmushi ya isa ya gaya wa kowa inda aka dosa. Goggo ta duba gabas ta duba yamma, lokaci ya ƙure, sai ta ce, "To Allah ya raba mu da abin kunya."

Washegari Mansir ya fara da gara. Ya ce shi ba ya amfani da maganin kanti, sirrin kakanni zai yi. Ya cika kasko da garwashi, ya juye masa kwanon busasshen barkono, ya ajiye a tsakiyar zaure. Kafin ka ce kwabo hayaƙi ya cika layi. Masu keke suna wucewa suna atishawa suna karkacewa, mai shayin kusa da ni ya yi atishawa a cikin tukunyarsa, ni kuma na ɗinke hannun rigar wani alhaji da aljihunta. Mansir da kansa ya fito da rarrafe, hawaye shaɓe-shaɓe.

Mai shayi ya daka masa tsawa, "Kai Mansir, gara kake kora ko mu?"

"In ku da kuke manya kun ji haka, ina ga gara?"

Da hayaƙi ya lafa muka leƙa. Gara tana nan tana aikinta, ko sannu ba ta ce masa ba.

Daga nan ya ce sai an kai ƙyauren shagonsa, don a can injuna suke. Ya sa kafaɗa ya ɗaga shi daga ramin dutse, yana gaya mana a duk Bauchi mutum nawa ne za su iya haka. Bai rufe baki ba ƙyaure ya kwanto masa. Ƙafafunsa kawai muke gani suna harbin iska. Da muka zaro shi sai ya karkaɗe riga ya ce nauyin yake aunawa.

Muka kama masa aka nufi ƙofa, ƙyaure ya ce bai san zancen ba. Aka kwantar, aka karkata, aka miƙe, ko ta ina ya fi ƙofar girma. Ashe Ɗanlarai sai da ya kafa ƙyaurensa sannan aka gina bakin ƙofa a gabansa, don kada ɓarawo ya taɓa cire shi. Duk tsofaffin unguwa sun san haka, jikansa Sarkin Sassaƙa ne kaɗai bai sani ba.

Mansir ya ce, "Kuskuren magina ne. Yanzu zan gyara musu."

Ya ɗaga gizago ya shiga saran bangon bakin ƙofa. Ya yi rami a dama ya yi a hagu, sai ga Goggo da muciya a hannu.

"Ƙyaure na ce ka gyara ko rushewar za ka taya Bashir?"

"Numfashi nake ba ginin, Goggo."

"Sake sara ɗaya, ni ma in ba ka naka numfashin."

Ya haƙura da ƙofar waje, ya ce ta ƙofar cikin gida za a bi, a haura da shi ta katanga. Ƙofar cikin gida kuwa ko yaro ya san ta fi ta waje ƙanƙanta. Ya sa aka yi baya aka rugo da ƙarfi. Ƙyaure ya daki azarar saman ƙofa, azara ta sauko, ƙasa ta zubo masa a ka. Don kada saura ya biyo, ya kwaso turamen gidan duka da bulo da buhunan yashi, ya cika ƙofar tun daga ƙasa har sama. Tun daga ranar, duk mai shiga Gidan Ɗanlarai sai ya zaga ta lungu. Matan gidan suka rasa turmin daka, suka koma yi masa addu'o'in da ba zan maimaita ba.

Sai a lokacin dabara ta zo masa. Ya fitar da ƙusoshin itacen, ya raba ƙyaure allo-allo. Na ce masa, "Mansir, ka sa musu alama mana, ka san wanda ke bin wani."

"Mahfuz, ni na taɓa shigowa shagonka na gaya maka inda za ka sa maɓalli? Komai yana nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa, ƙasa ta zubo daga gashinsa.

Ya kira Joel, wani mai keke mai ƙafa uku da ke lodi a bakin barikin Shadawanka, suka kwashe allunan sai Fadaman Mada. Abin da ya faru a can Joel ne ya ba ni labari. Wai Mansir ya je garejin makwabcinsa ya ɗebo baƙin mai, ya shafe allunan ciki da waje, ya ce ko jikokin gara ba za su sake kusantar su ba. Sannan ya haɗa ƙyauren tsaf a cikin shagonsa, ya tsaya kusa da shi aka ɗauke shi hoto.

Ana gobe suna, da la'asar, muka ji hon tun daga nesa. Ga Joel yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ƙyaure ɗaure a saman keke ya yi fukafukai dama da hagu, Mansir a gaba kan babur yana kore mutane daga hanya. Baƙin mai yana ɗiga a kan gilashi.

Joel ya leƙo ya ce, "Oga Mansir, wannan kaya ya fi ƙarfin keke fa. Tun daga Fadaman Mada taya na yana kuka."

"Ka yi shiru, tarihi ka ɗauko."

Jama'a suka taru, aka sauke tarihi, aka nufi zaure da shi. Ya daki bakin ƙofa ya tsaya. Aka kwantar, aka karkata, aka miƙe. Sai mai shayi ya ce, "Sarkin Sassaƙa, abin da ya ƙi fita a haɗe, yaya aka yi ka ce zai shiga a haɗe?"

Wai! Ranar na ga manya suna dariya suna dafa bango. Bashir yana gefe yana waya da mai katafila, da ƙarfi don Goggo ta ji. Mansir ko a jikinsa.

"Gwaji na yi a shago. Duk babban ma'aikaci sai ya yi gwaji. Gobe kafin liman ya iso za ku ga aiki."

Ya sake wargaza shi a bakin titi, aka shigar da allunan zaure ɗaya bayan ɗaya.

Ranar suna na buɗe shago da sassafe na tarar yana ta bugu. Ƙyaure dai ya tsaya a raminsa, a buɗe, jingine da bango ta ciki. Aljihun Mansir kuwa ya yi tulu da ƙusoshin itace. Na tambaye shi na mene ne, ya ce ragowa ne, mutanen da suna da ɓarnar kaya.

Baƙi suka fara isowa cikin fararen kaya. Limamin unguwa ya shiga, dattawa suka bi shi, Bashir ya zo da babbar riga sabuwa fil wadda ni na ɗinka ta. An ɗaure ragon suna a kusurwar zaure saboda kada keke ya buge shi a waje. Mu da ba mu samu wuri ba muka zauna a tabarmi a ƙofar gida. Aka raba goro, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Usama. Da an tashi a nan da an rabu lafiya. Amma Mansir ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, iyayena, kafin a watse ina so ku ga abin da hannu ya yi. Da sai mutum uku ake rufe ƙyauren nan. Yau da yatsa ɗaya."

Ya tura da yatsa, bai motsa ba. Ya sa hannu, ya sa kafaɗa, ya ja da baya ya bangaje shi. Ƙyaure ya tafi fuu a kan baƙin mai ya rufe garam!

Sai a lokacin mu na waje muka ga abin da ya yi. Babu zane ko ɗaya a gabanmu, bayan ƙyaure ne yake kallon titi. Ya juya allunan, ado ya koma ciki, sakata ta dawo waje. Ƙarfin bugun ya sa sakatar ta faɗo a gicciye, bakinta ya shige ramin nan da ya sara a bango, ta zauna daram.

Daga ciki muka ji muryarsa cikin duhu yana cewa, "Kun ga zanen? Da gangan na maido shi ciki, don manya su riƙa kallo a zaune."

Liman ya ce, "Ba ma ganin komai, ɗana. Buɗe mana."

Muka ji ana ja, ana nishi. Muka ji Bashir yana cewa a bi ta cikin gida, wani ya tuna masa da turame. Rago ya tsorata da duhu ya tsinke igiya, ya yi fatali da kaskon barkonon da Mansir ya manta a kusurwa. Atishawa ta ɓarke. Wani dattijo yana salati, wani yana neman hularsa, sai muka ji tim, Mansir ya ce, "Wayyo bayana! Ku riƙe ragon nan!"

Na tashi da sauri zan ɗaga sakata, sai na ji an ce, "Mahfuz, cire hannunka."

Goggo Fatu ce ta zagayo ta lungu, mata na biye da ita, tana riƙe da kujerarta 'yar tsugunne. Ta dubi sakata, ta dubi ƙyaure, na ga idonta ya yi wani haske. Ta dasa kujera a bakin ƙofa, ta zauna, ta jingina bayanta.

Na ce, "Goggo, liman fa yana ciki."

"Na sani. In ka taɓa sakatar nan, kai da ɗinkin gidan nan har abada."

Na koma tabarmata. Ina da iyali.

Bashir ya buga ƙyaure. "Wa ke nan? Ku buɗe mana!"

"Ni ce, Bashiru. Yaya zauren? Akwai sanyi ko?"

"Goggo, don girman Allah, numfashi ya gagara!"

Liman ya yi atishawa ya ce, "Hajiya Fatu, ki ji tsoron Allah."

"Allah gafarta Malam, tsoronsa nake ji, shi ya sa nake son shaidu. Yau ga ku a haɗe, ba mai cewa yana sauri. Bashiru ya ce in ƙyaure bai gyaru ba zai rushe zauren ubana. To ina tambaya, mene ne aikin ƙyaure?"

Wani dattijo daga ciki ya ce, "Rufewa."

"Ya rufu ko bai rufu ba?"

Liman ya ce, "Wallahi ya rufu. Ni shaida ne, ban taɓa ganin rufuwa irin wannan ba."

Muryar Mansir ta taso, "Kun ji ko? Na gaya muku aikina..." Sai muka ji ɗas, kamar an sauke hula a ƙeyar mutum.

Bashir ya ce, "Goggo, wannan ai fin ƙarfi ne."

"Katafila fa, lallashi ce? Ka faɗa a gaban Malam: ba za ka rushe ba, ba za ka sa a rushe ba, kuma za ka nemo masassaƙi da magini na gaske su mai da komai yadda yake."

Bashir ya fara kawo zancen a zauna a tattauna. Rago ya sake zabura, aka ji dattawa sun yi kansa da faɗa gaba ɗaya, har da mai cewa in ya mutu a nan Bashir ne. Ba a jima ba muka ji ya faɗa, kalma bayan kalma, liman yana maimaitawa, jama'ar waje suna amsawa da "Mun shaida!" Masu keke sun tsaya sun toshe titi, kowa ya ɗaga waya.

Goggo ta ce, "Saura ɗaya. Mansir ya rantse ba zai sake taɓa itacen gidan nan ba, ko da tsinken sakace ne."

"Haba Goggo! Gadona ne fa!"

Wannan karon Bashir ne ya taya ta. Ban ga abin da ya yi ba, amma rantsuwar ta fito da wata siririyar murya, irin ta wanda aka riƙe wa wuyan riga.

Goggo ta tashi ta janye kujera, ta ce in ɗaga. Na ɗaga sakata. Na ciki suka ja gaba ɗaya da ƙarfin mutanen da suka ga lahira. Ƙyauren da rabin ƙusoshinsa ke aljihun Mansir bai buɗe ba, rabuwa ya yi. Allon farko ya kwanta, na biyu ya bi shi, saura suka zube kamar an tuntsure faranti. Rago ya fara fitowa ya yi cikin kasuwa, samari suka rufa masa baya. Sai liman, rawani a warware. Sai dattawa, kowa da tambarin baƙin mai a riga, ido jawur. Rigar Bashir kuwa da na gan ta sai da na ji kamar in yi kuka, don na sha wahalar aikin wuyanta.

Mansir ne ya fito ƙarshe, yana ɗingishi, riƙe da zoben ƙarfen da ake jan ƙyaure da shi. Zoben nan kaɗai ya rage masa cikin aikinsa. Ya dubi taron ya buɗe baki, mai shayi ya ce, "In ka ce gwaji ne, wallahi sai na watsa maka ruwan zafi." Ya rufe.

Goggo ba ta bi ta kan kowa ba. Ta shiga zaure ta durƙusa a gaban allunan, tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ko tsagewa babu wanda ya yi. Ta sa gefen mayafinta ta goge baƙin man da ke kan zanen, ta daɗe tana shafa shi da yatsa. Na ji tana cewa a hankali, "Baba, ka yi haƙuri da jikokinka. Amma zaurenka ya tsaya." Nan take na daina dariya.

Bashir ya cika alkawari, don ba yadda zai yi, rabin Wunti na da rantsuwarsa a waya. An gyara azara, an mai da turame, ƙyaure ya koma raminsa fuskarsa na kallon titi. Mansir kuwa in ya zo gaishe da Goggo, sai ya ajiye gizagonsa a shagona kafin a bar shi ya shiga.

Kwanan baya na bi ta Fadaman Mada na tarar ya tara mutane a ƙofar shago yana cewa, "Zauren kakanmu da kuke gani a Wunti, saura kwana ɗaya a rushe shi. Dangi duka sun rasa yadda za su yi. Wa ya cece shi? Ni, da hannun nan."

Na tsaya zan ƙaryata shi, na nemi ta inda zan fara na rasa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau, don ja'irin ba ƙarya yake yi ba.